Madugun Makaɗa: Darasi Daga Kiɗan Barlin na 1989

An gabatar da wannan lacca ga malamai da ɗalibai a Garwa, aka kwafo ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai da ke zaune a gaba, da ku ƙannena ɗalibai, ina godiya da kuka ba ni wannan lokaci. Ɗazu a bakin ƙofa wani ɗalibi ya tare ni ya ce, "Malam, mutumin nan da ke tsayawa gaban makaɗan Turawa yana kaɗa ɗan sanda, ba ya busa, ba ya kiɗa, ba ya waƙa, mene ne amfaninsa?" Zan amsa masa da wani taron kiɗa guda ɗaya da aka yi a birnin Barlin ranar 25 ga Disamba, 1989.

Tun 1961 katanga ta raba birnin gida biyu, ɗan'uwa ba ya iya zuwa gaida ɗan'uwansa ba tare da izinin hukuma ba, sai ranar 9 ga Nuwamba, 1989 aka buɗe ta. Bayan makonni shida da 'yan kwanaki, Leonard Bernstein, Ba'amurke ɗan shekara 71, ya tsaya a wani tsohon zaure da ke gabashin birnin, ya jagoranci Simfoni na Tara, wato wani dogon kiɗa mai kashi huɗu da Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ya rubuta, aka watsa shi ta talabijin zuwa ƙasashe fiye da 20. Makaɗan da ke gabansa daga ƙasashe shida aka tattaro su: Jamus ta Gabas da ta Yamma, da Tarayyar Sobiyet, da Ingila, da Faransa, da Amurka, wato Jamusawa tare da ƙasashe huɗun da suka ci su da yaƙi a 1945.

Babbar ƙungiya irin wannan takan kai mutum tamanin zuwa ɗari. Masu gogen Turawa, ƙanana da manya, su ne suka fi yawa, kuma su ke zama a gaba. Bayansu masu sarewa da danginta, sai masu ƙahonin tagulla, sannan masu tambura can ƙarshe. Kafin a fara komai, akwai wata abin busa da ake kira obo, wadda bakinta tsinke biyu ne kamar na algaitarmu, ita ce ke fitar da sauti ɗaya tak kowa ya daidaita kayansa da shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fadar Lamiɗo ranar hawan salla, ya ji algaita ta keto ta saman ganguna da kakaki, zai gane dalilin da ya sa aka ba ta wannan aiki, domin muryarta ba ta ɓacewa cikin hayaniya.

To, a nan ne bambancin yake. Makaɗan fada tare suka tashi, yawancinsu gado suka yi, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, kuma sarkin kiɗa da gangarsa ko muryarsa yake jan ragamarsu, 'yan amshi na biye. Mutum ɗari kuwa, waɗanda ba su saba kiɗa tare ba, ba za su iya dogara da kunne kaɗai ba, saboda wanda ke zaune a ƙarshen dandamali, idan ya jira sai ya ji na gaba kafin ya buga, ya riga ya makara. Dole a sami hannu ɗaya da kowa ke gani. Shi ya sa nake kiransa madugu: ba shi ke ɗauke da kaya ba, amma shi ya san hanya, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango. Hannunsa na dama na auna lokaci, na hagu kuma na cewa ku sassauta, ku ƙara ƙarfi, kai mai sarewa shigo yanzu. Takardar da Beethoven ya bari ta faɗi sautukan da za a buga, amma yadda za a ja kowace gaɓa, da tsawon shirun da za a yi kafin wata ta shigo, wannan madugu ne ke yanke shi tun a kwanakin gwaji, inda babu mai kallo.

Shi kansa Beethoven ya ɗanɗana wannan. Ranar 7 ga Mayu, 1824, da aka fara kaɗa wannan simfoni a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya riga ya kurumce. Ya tsaya a dandamali yana kaɗa hannu, amma makaɗan wani madugu mai suna Michael Umlauf suke bi, kuma da aka ɓarke da tafi bai ji ba, sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi ya ga jama'a da idonsa. Ban taɓa ba da wannan labari ba tare da jikina ya yi sanyi ba.

A kashi na huɗu na simfonin ne muryoyin mutane ke shigowa da waƙar Schiller, wani marubucin waƙoƙi Bajamushe, wadda ke kira ga farin ciki da 'yan'uwantakar 'yan Adam. A Barlin, Bernstein ya sa aka cire kalmar Jamusanci mai nufin farin ciki, aka maye gurbinta da mai nufin 'yanci. Akwai waɗanda suka ga ya wuce gona da iri, tun da ba shi ya rubuta waƙar ba. Ni dai a ganina ya yi daidai, amma don wannan lokaci kaɗai, gaban mutanen da suka shekara 28 a bayan katanga. Wanda zai kwaikwaye shi a wani taro ba tare da irin wannan dalili ba, ya taɓa amanar da ba tasa ba. Bernstein ya rasu a Oktoban 1990, ko shekara bai cika ba bayan taron.

Yanzu zan sa muku kashi na huɗu. Za ku ji manyan gogen nan masu kaurin murya sun ɗauko karin waƙar a hankali, kamar mai raɗa, sannan sauran su riƙa shigowa rukuni-rukuni har zauren ya cika. Ƙanena mai tambaya, matso kusa da allon, ka sa ido a kan hannunsa na hagu.