Amsoshin Tambayoyinku: Yadda ake bin jami'a a gasar guje-guje ta rufaffen fili a Amurka

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta jami'o'in Amurka, wadda hukumar NCAA ke shiryawa cikin rufaffen fili duk watan Maris. Lokacinmu kaɗan ne, don haka garuruwa kawai zan ambata, masu sunaye ku yi mini afuwa. Tare da ni akwai wani dattijo, tsohon malamin wasanni da ya daɗe yana horar da 'yan makaranta. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai ɗana. Allah ya sa yau ka bar ni in yi magana, ba irin ta rannan ba.

Mai gabatarwa: Agogo ne mai hukunci, Malam, ba ni ba. Ta farko daga Maraɗi, yana tambaya yaushe aka fara wannan gasa. An fara ta maza a 1965 a birnin Detroit, ta mata kuma a 1983. Mutumin Maraɗi, ka samu amsarka. Ta biyu daga Kumasi, ya ce wai ƙarancin fili ne ya sa Amurkawa ke gudu cikin ɗaki? Kuma ina aka kai tseren mita 100?

Malam: Ƙarancin fili kuma? Sanyi ne. Daga Disamba zuwa Maris wurare da yawa a can dusar ƙanƙara ce ke rufe ƙasa. Mu nan hunturu kaɗan in ya busa, ka tara yara da asuba ka ce su zagaya fili, sai ka ga kowa ya cusa hannu a hammata, leɓe ya tsage, wani ya ce cikinsa ke ciwo. Lokacin da nake koyarwa, in gasar gidaje ta matso, da toka muke zana layi, iska ta zo ta share, mu sake…

Mai gabatarwa: Malam, mita 100.

Malam: Ina zuwa. Filin waje zagayensa mita 400 ne, na cikin zaure 200 ne kacal. To ina za ka sami miƙaƙƙen layi na mita 100? Sai aka mai da shi 60, ana yin sa a tsakar filin, kuma a ƙarshensa akwai katifu jingine da bango, don mai gudu yakan zo da ƙarfin da ba zai iya tsayawa ba sai ya daki katifar. Kwanar filin kuma a karkace aka gina ta, gefen waje ya fi tudu, don kada gudu ya watsar da mutum.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga wadda ta fi yawa, don ta zo daga Zariya, ta zo daga Jos, da Damagaram, da Garwa. Bari in karanta ta Zariya. Ya ce: "Ni tun zamanin ɗan tseren Najeriya Divine Oduduru nake goyon bayan jami'ar Texas Tech. Abin da ya ɗaure mini kai, gudu kowa ƙafarsa yake yi da ita, to yaya ake cewa makaranta ta ci kofi? Kuma na ga yaro ya zo na shida amma 'yan makarantarsu suna ta tsalle suna rungumar sa. Murnar me ake yi?" Wannan tambaya ta yi mini daɗi, kuma a kanta za mu ɗan zauna. Mutumin Zariya, ɗauko biro da takarda. Maki ake tarawa. A kowane wasa, mutum takwas na farko ne ke kawo wa makarantarsu maki. Na ɗaya 10, na biyu 8, na uku 6, na huɗu 5, na biyar 4, na shida 3, na bakwai 2, na takwas 1. Bari in maimaita saboda masu rubutawa: 10, 8, 6, 5, 4, 3, 2, 1. Na tara ba shi da ko ɗaya, ko da tazararsa da na takwas ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wasanni 17 ne ga maza, 17 ga mata, cikin kwana biyu, kuma kofin maza daban, na mata daban. In an gama sai a haɗa lissafi, makarantar da ta fi maki ta ɗaga kofi. Ka ga yaron nan na shida maki 3 ya kawo gida.

Malam: Kuma ka ƙara masa da cewa zuwa wurin ma ba ƙaramin aiki ba ne. Ba a cewa kowace makaranta ta kawo tawagarta. Mutum 16 kaɗai ake ɗauka a kowane wasa a duk faɗin ƙasar, bisa sakamakon da suka yi a kakar. Gudun miƙa sanda kuwa ƙungiya 12. Makaranta tana iya samun 'yan wasa da yawa a gida, amma uku ko huɗu ne za su tsallake, wata ma ba ko ɗaya.

Mai gabatarwa: Wato tun kafin a harba bindigar farko an san makarantun da ke da rabo.

Malam: An san masu dama dai, rabo na Allah ne. Ɗauki makarantar mutumin Zariya. A 2024 a Boston, Texas Tech ta ci kofin maza na rufaffen fili karo na farko a tarihinta, ƙarƙashin kociya Wes Kittley. Terrence Jones, ɗan ƙasar Bahamas, ya ci mita 60 ya ci 200, maki 20 ke nan. Caleb Dean ya ci tsallake shinge na mita 60, ƙarin 10. Mutum biyu, maki 30. Amma jimillar da suka ɗaga kofi da ita 50 da rabi ce, jami'ar Arkansas na biye da 41. To da 30 ɗin nan kaɗai suka tsaya, wa zai ba su kofi? Sauran 20 da rabin nan, daga matakan da ke ƙasa da na ɗaya aka tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika.

Mai gabatarwa: Kafin wani ya rubuto ya ce Malam ya yi ƙarya, ina ake samun rabin maki? In mutum biyu suka yi kunnen doki, kamar yadda yakan faru a tsallen sama ko tsalle da sanda, sai a haɗa makin matakan biyu a raba musu daidai. Misali su biyu a mataki na bakwai, a haɗa 2 da 1, kowa ya tashi da ɗaya da rabi.

Malam: A shekarar nan ma ai matan Arkansas sun nuna ɗaya hanyar. A tseren mita 400 su suka zo na ɗaya, na biyu, na uku. Lissafa mana, kai mai biro.

Mai gabatarwa: 10 da 8 da 6, 24.

Malam: Cikin ƙasa da minti ɗaya! Florida tana da Parker Valby da ta ci mita 3,000 da 5,000, duk da haka kofin Arkansas ya tafi.

Mai gabatarwa: To masu tambaya, ga shawarata, kuma ra'ayina ne. Wanda ya zauna yana jiran ya ga wa ya zo na ɗaya kawai, rabin gasar ya wuce shi. Kafin ranar farko, nemi jerin waɗanda suka cancanta, ka rubuta sunayen 'yan makarantarka da matsayin kowa cikin 16 ɗin. Wanda ke na uku, rubuta masa 6 a gefe. Wanda ke na 11, rubuta sifili. Haɗa, ka ga abin da ake sa ran samu. Daga nan kallo ya zama lissafi. In na 11 ɗin nan ya kutsa cikin takwas, kun ci riba. In na ukun ya yi tuntuɓe da shinge a zagayen share fage, maki 6 sun zube tun ranar farko, alhali ba a ma fara raba lambobin wannan wasan ba. Na sake faɗa, zagayen share fage shi ne wurin da ake asarar kofi, don wanda bai shiga na ƙarshe ba ba shi da abin kawowa.

Malam: Sannan kar ya yi saurin guɗa. Mita 200 da 400, zagayen ƙarshensu kashi biyu ake yi, mutum huɗu huɗu, saboda layukan ciki kwanarsu ta yi tsauri. Agogo ne ke raba gardama. Yaronka yana iya cin kashin farko ya ɗaga hannu sama, ya zauna yana haki yana kallon allo, 'yan kashi na biyu su zo su ture shi zuwa na uku. Wasan da ake rufe gasa da shi kuma gudun miƙa sanda ne na mita 400 sau huɗu. In maki ya yi kusa, nan za ka ga kociyoyi tsaye a bakin fili da takarda a hannu, kowa na duba mataki na nawa zai ishe shi.

Mai gabatarwa: Zariya, Jos, Damagaram, Garwa, ina fata ta fita. Lokaci na gudu. Daga Gusau, wace makaranta ce ta fi kowa cin kofin nan, Malam? A taƙaice don Allah.

Malam: Arkansas ce a maza. Kociyansu John McDonnell, mutumin Ireland, sau 19 ya ci, 12 daga ciki a jere, daga 1984 zuwa 1995. Amma ni wadda ta fi burge ni UTEP ce, jami'ar Texas da ke El Paso, can bakin iyakar Meziko. Sau bakwai ta ci tsakanin 1974 da 1982, kuma 'yan Afirka ne ƙashin bayanta. Akwai Suleiman Nyambui na Tanzaniya, wanda ya ci azurfa a mita 5,000 a gasar Olamfik ta Mosko a 1980. Har wasu kociyoyi suka riƙa gunaguni wai ana kawo musu manya daga ƙetare suna cinye yaransu. Garin kuma a kan tudu yake, ka san gudu a tudu…

Mai gabatarwa: Mutumin Gusau Arkansas ya tambaya, ya samu El Paso kyauta. A mata, LSU, jami'ar jihar Louisiana, ce ke gaba da kofi 11. Daga Yamai, akwai ɗan Najeriya da ya taɓa cin zinare a gasar? Akwai. Blessing Okagbare ta ci mita 60 da dogon tsalle a 2010 tana UTEP. Oduduru ya ci mita 200 a 2019. Sai dai gaskiya ɗaya ce, su biyun daga baya an dakatar da su kan karya dokar ƙwayoyin ƙara kuzari, ita shekara 11, shi shekara 6, abin da ba daɗin faɗa. Tobi Amusan ma UTEP ta yi, amma nata kambun na jami'a a filin waje ta ci shi a 2017, kafin ta kafa tarihin duniya na sakan 12.12 a tsallake shinge na mita 100 a 2022.

Ga wata daga Katsina, baiwar Allah ce. Ta ce maigidanta ya kwana biyu yana riƙe da waya har asuba wai yana kallon gudu, shin da gaske ne ana gudu da tsakar dare? Hajiya, a wannan dai mun wanke shi. Tsakaninmu da su akwai tazarar awa biyar zuwa takwas, gwargwadon garin da ake gasar, yammacinsu tsakar darenmu ne. Amma Alhaji, kwana biyu ne gasar. In ya shiga na uku, Hajiya, ba da yawunmu ba.

Malam: Ya dai tashi sallar asuba.

Mai gabatarwa: Daga Azare, wani uba ya ce ɗansa ba wanda ke kamo shi a gudu duk unguwarsu, kuma wani ya ce ya kawo kuɗi zai samo masa gurbi a Amurka. Baba, don Allah riƙe kuɗinka. Kociyoyin can ba sa aiki da "ba mai kamo shi". Lokaci suke so a rubuce, wanda agogon lantarki ya ɗauka a gasar da aka sani, sannan takardun sakandare masu kyau, don hukumar NCAA tana tantance karatu kafin ta bar yaro ya yi wasa. Fara kai shi gasar jiha a auna shi.

Malam: Kuma ba kowa ake ɗauke wa kuɗin makaranta duka ba. Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce tallafin karatu 12.6 ga maza, 18 ga mata a kowace makaranta, a yayyanka shi a raba wa yara da yawa. A 2025 aka sauya tsarin. Ni a zamanina wani yaro…

Mai gabatarwa: Malam, mai kula da na'ura ya ɗaga mini yatsa biyu. Daga Abeche, me ya sa ba ya ganin jifan mashi? Cikin zaure cike da mutane? Babu mashi, babu faifai. Akwai jifan dalma, da wani jifan nauyi mai mariƙi, na maza kusan kilo 16, na mata kilo 9, cikin keji ake yin sa. Daga Kano, wa ya ci ta 2020? Ba kowa. 'Yan wasa sun riga sun isa Albuquerque aka soke ta saboda korona, ana gobe za a fara. Mai tambaya daga Agadas kan gudun miƙa sanda mai tsawo daban-daban, mita 1,200 da 400 da 800 da 1,600, taka tana buƙatar zama, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, mun gode.

Malam: Ban fa gama labarin yaron nan ba.

Mai gabatarwa: Shi ma mako mai zuwa. Jama'a, a huta lafiya.