Abubakar Rimi da gwamnatin PRP a Kano

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, malamai da ɗalibai. A nan Nijar naɗa gwamna ake yi daga Yamai, a Najeriya kuwa da ƙuri'a yake hawa, shi ya sa jam'iyya take da nauyi a kansa. Misalinmu na yau Muhammadu Abubakar Rimi ne, wanda ya hau kujerar Kano ranar 1 ga Oktoba 1979 a tutar jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Ku tuna Kano ta lokacin ta haɗa da Jigawa, wato har Maigatari, nan bakin iyakarmu.

Da hawansa ya soke haraji da jangali. Kada ku ɗauka maganar kuɗi ce kawai. Mai unguwa ne ke bi gida-gida yana karɓa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Wanda ya kasa biya yakan sha ɗauri ko ya bar gari. Da aka soke, talaka ya sarara, masu sarauta kuwa aka zare musu sandar da suke kora da ita. Tun daga nan aka fara 'yar tsama. Ya kuma kafa jaridar Triumph da hukumar yaƙi da jahilci.

Matsalar ta taso ne daga cikin gida. Shi da gwamnan Kaduna Balarabe Musa, wanda shi ma ɗan PRP ne, suka riƙa zama da gwamnonin wasu jam'iyyu, UPN da GNPP, ba da yardar shugabannin jam'iyya ba, PRP ta dare biyu: 'yan Santsi na Rimi, 'yan Taɓo na Malam. A Yulin 1981 gwamnatinsa ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga watan gari ya kama da wuta, aka ƙona gidan rediyon Kano, aka kashe mai ba Rimi shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad. A ganina wannan takarda garaje ce.

A 1983 Rimi ya koma jam'iyyar NPP ya ajiye mulki, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Taro yana cika masa maƙil, amma masu kai mutane rumfar zaɓe a unguwanni da ƙauyuka suna PRP, ga juyayin rasuwar Malam a watan Afrilu. Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi a zaɓen gwamna na shekarar. Shi ma Sabon wata uku kacal ya yi, sojoji suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba, suka tsare su duka biyun.