Sharhi: jari kaɗai ba ya tsayar da ɗan kasuwa

Jama'a masu sauraronmu a birnin Zazzau, Sabon Gari, Tudun Wada, Samaru har su Giwa da Soba, assalamu alaikum. Yau maganar 'yan kasuwa za mu yi. Za ka ga mutum biyu sun buɗe shago a layi ɗaya, jarinsu kusan ɗaya, kafin shekara biyu wannan ya ƙara shago, wancan kuma ya sa kwaɗo yana cewa hannu aka sa masa. Babu mai musun cewa akwai matsi, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kaya suka bi shi. Amma ai tsadar nan su biyun ta sama, to me ya raba su?

Tun daga niyya ake rabuwa. Wani ya shiga sana'a ne don ya ga maƙwabcinsa ya kafa lema yana POS, shi ma sai ya kafa tasa a gefensa, ku duba daga Kwangila zuwa PZ ku ga yadda lemomi suka jeru ana rabon kwastoma ɗaya. Wani kuma sai da ya zauna ya lura me mutanen unguwarsa suke hawa mashin su je nema a nesa, shi ya kawo musu ƙofar gida. Wannan na biyun ko ciniki ya ja baya ba ya saurin guduwa, don ya san dalilin da ya sa ya zauna a wurin.

Sai babbar cutar da ke cin mu, wallahi ita ta fi damuna, wato rashin raba uwar kuɗi da riba. Mai shagon firobishin zai miƙa hannu ya ɗau gwangwanin madara da sukari a kai gida bai rubuta ba, anjima aboki ya zo ya karɓi taliya ya ce sai ƙarshen wata shi ma ba a rubuta ba, gobe ga biki ga suna a zari na gudummawa daga cikin durowa, ranar da zai je sari Kano sai ya ga kuɗin ba su kai rabin kayan da ya saba ɗaukowa ba, ya rasa inda suka shiga. Alhali wanda ya san abin da yake yi yana da ɗan littafinsa na makaranta, kullum dare kafin ya rufe sai ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har albashi yake yanka wa kansa kamar yaron shago. Kuma ya iya cewa a'a ko ga ɗan uwansa ne, da fara'a ba da wulaƙanci ba. Zumunci wajibi ne, amma daga riba ake yin sa.

Ga kuma alƙawari. Zariya ta yi suna a ɗinkin babbar riga da aikin hannu, daga nesa ake aiko da shadda cikin birni, amma dan Allah teloli ku ji tsoron Allah, ka san hannunka ba zai iya ba ka karɓe kayan rabin unguwa, daren sallah ka kashe waya. Telan da ya ce maka Alhaji yi haƙuri na cika, kai wa wani, shi ne za ka koma wa baɗi har ka ja masa wasu. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji da ya rasu a 1955, da fataucin goro zuwa Gwanja ya taso kafin gyaɗa, kuma harkarsa da wakilai ta yaɗu, ana ba su kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo. In babu amana ta ina wannan zai yiwu?

Mutanen Samaru kam sun ga darasin tanadi a 2022, lokacin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya kai wata 8, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suka watse, masu fotokwafi da masu abinci suka wuni suna kallon titi. Wanda yake adashi ko ya ajiye wani abu a gefe ya samu na juyawa zuwa wata sana'ar kafin a dawo, wanda kullum cinye na ranar yake yi kuwa jarin ya ci.

Roƙona na ƙarshe gare ku ne iyayen gida na kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada. Yaro ya yi shekara da shekaru yana buɗe muku shago yana sauke kaya, ku daina ɓoye masa inda kuke sari da yadda kuke sa farashi, ku zaunar da shi ya ga littafin, in lokaci ya yi ku sallame shi da jarin da zai iya kama nasa shagon. Sai mun haɗu a shiri na gaba.