Takardar shaida ko albashi: ma'aikatan lafiya na cikin unguwa a jihohin Amurka

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka ne, amma ba birnin Washington za mu je ba. Majalisun dokokin jihohi za mu shiga, inda aka shafe sama da shekara 20 ana kai ruwa rana a kan wasu ma'aikata da ba likitoci ba ne, ba kuma malaman jinya ba. Ba sa rubuta magani, ba sa fiɗa. Su ne ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, waɗanda jarinsu kaf shi ne mutanen unguwa sun san su, sun kuma yarda da su.

Mu ɗauki misali. A kudancin jihar Texas, dab da iyakar Meziko, irin wannan ma'aikaciya ana ce mata promotora da harshen Sifaniyanci. Ta ƙwanƙwasa ƙofar wani dattijo mai ciwon sukari wanda sau uku ke nan ana kwantar da shi a asibiti. Likita yana ganin taurin kai ne, mutum ya ƙi shan magani. Ita kuwa da ta zauna, aka gaisa, aka taɓa hira, sai ta buɗe firji ta tarar ya lalace tun makon jiya, allurar insulin tana ciki ta yi ɗumi. Takardar da aka sallamo shi da ita da Turanci aka rubuta, shi kuwa ba ya karanta Turanci. Ɗan da ke kai shi asibiti a mota ya samu aikin dare. Duk cikin ukun nan babu wanda gwajin jini zai nuna. Da ɗan gari akan ci gari.

Aikin ba sabo ba ne. Tun 1968 hukumar lafiya ta ƙabilun asalin Amurka take da irin waɗannan wakilai. Abin da ya zo daga baya shi ne tambayoyi biyu: wa zai shaida cewa wane ya iya aikin, kuma wa zai biya shi?

Tambayar farko jihohi suka fi rawar jiki a kanta, don ita ce mai araha. Texas ce ta fara, da dokar da ta yi a 2001: horon awa 160, sannan a ba mutum takardar shaida da zai riƙa sabuntawa duk shekara biyu. Ohio ta biyo baya a 2003, ta damƙa lamarin a hannun hukumar malaman jinya. Massachusetts ta kafa hukumar ba da shaida a 2010, amma sai 2018 aka fara karɓar masu nema. Shekara takwas, jama'a, a kan takarda kawai.

Ba na cikin masu kushe takardar. Wanda zai shiga gidan mutane, ya ji sirrin ciwonsu, ya ga magungunansu, dole ya san iyakarsa, ya san lokacin da zai ce "wannan ya fi ƙarfina, mu tafi asibiti". Takarda kuma tana ba ma'aikaci daraja a idon likita, tana ba shi damar sauya wurin aiki ba tare da ya koma farawa daga tushe ba. Sai dai akwai tarko. Duk sharaɗin da aka ƙara, wani ake rufe wa ƙofa. A ce sai mai shaidar kammala sakandare, an fitar da uwar da ta shekara 15 tana raka mata awon ciki. A ce sai wanda bai taɓa zaman gidan yari ba, an fitar da mutumin da shi kaɗai waɗanda suka fito daga kurkuku ke saurara. A sa kuɗin makaranta mai tsada, sai ka wayi gari masu takarda duk 'yan wata unguwa ne, ana turo su inda ba wanda zai buɗe musu ƙofa. Texas ta hango wannan, shi ya sa ta bar hanya ta biyu: wanda ya nuna ya yi aikin na awa 1,000 ana iya ba shi shaida ba sai ya zauna a aji ba. A ganina duk jihar da ba ta bar irin wannan ƙofa ba, ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago.

To, mu zo ga kuɗi, inda gizo ke saƙa.

Shekara da shekaru albashin waɗannan ma'aikata yana rataye ne a wuyan tallafi na ɗan lokaci. Wata gidauniya ta ba da kuɗin shekara biyu don yaƙi da ciwon asma, a ɗauki mutum goma, a horar da su, su saba da iyalai, kuɗi ya ƙare, a sallame su. Bayan wata shida wani tallafin ya zo a kan hawan jini, a sake sabon lale. Lokacin annobar korona an ga haka ƙuru-ƙuru: gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi, har a 2022 aka ware kimanin dala miliyan 225 don horar da mutum 13,000. Horarwa, ku lura. Wanda zai ci gaba da biyan su bayan an tashi daga aji, wannan an bar wa jihohi.

Rijiyar da ba ta ƙafewa da wuri ita ce Medicaid, shirin inshorar lafiya na masu ƙaramin ƙarfi da aka kafa a 1965, wanda tarayya da jihohi ke haɗa kuɗinsa, tarayya na ɗaukar aƙalla rabi. Minnesota ta yi doka a 2007 cewa shirin zai riƙa biyan aikin waɗannan ma'aikata idan sun kammala manhajar da jihar ta amince da ita. Daga farkon 2014 tarayya ta sassauta ƙa'ida, ta ce wanda ba shi da lasisin likitanci zai iya yin aikin rigakafi a biya, muddin mai lasisi ne ya ba da shawarar a yi. Kalifoniya ta shigo a watan Yulin 2022. Medicare, inshorar tsofaffi, ta fara biyan makamancin wannan aiki a 2024. A nan ne takarda take yin ranarta, domin mai biya ba zai saki kuɗi ba sai ya ga shaidar da zai kafa hujja da ita.

Amma a duba yadda ake biyan. A jihohi da dama ana lissafi ne da rabin awa-rabin awa na zama da maras lafiya. Mu koma wurin matar nan ta Texas. Tuƙin da ta yi zuwa gidan dattijo, wayar da ta yi ta bugawa tana neman wanda zai taimaka da firji, ranar da ta je ta tarar ba ya nan, duk wannan a irin wancan lissafi sadaka ta yi. Ga kuma ƙananan ƙungiyoyin unguwa, waɗanda su ne suka raini aikin tun farko, ba su da akawun da ya iya cike takardun neman biya daga inshora. Sai manyan asibitoci su kwashe kuɗin, su zaunar da ma'aikaciyar a bayan tebur tana amsa waya. Sunan yana nan, aikin ya tafi.

Masu riƙe da lalitar jiha sukan tambaya ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Akwai amsa. Wani bincike na Jami'ar Pennsylvania da aka wallafa a 2020, a kan shirinta mai suna IMPaCT a birnin Philadelphia, ya gano cewa duk dala ɗaya da aka kashe ta mayar wa Medicaid dala 2 da santi 47 cikin shekara, saboda raguwar kwanciya a asibiti. Sai dai kar a manta, a wancan shiri ma'aikatan suna da cikakken albashi, da mai duba aikinsu, da adadin marasa lafiya daidai ƙarfinsu. Ba takarda ce ta haifar da ribar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jagorar da ta fitar a 2018, ta goyi bayan ba da shaida amma da sharaɗi, batun biyan haƙƙi kuwa ta ƙarfafa shi ba tare da kwana-kwana ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu ga inda aka kwana. Dokar haraji da kasafi da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 za ta zabtare ɗaruruwan biliyoyin daloli daga kason tarayya na Medicaid cikin shekara goma. Kusan dukkan jihohi doka ta hana su yin kasafi mai giɓi. Biyan asibiti da likita wajibi ne a kansu a ƙarƙashin dokar tarayya, biyan ma'aikacin cikin unguwa kuwa ganin dama ne. Idan 'yan majalisar jiha suka zauna da almakashi a hannu, kun san layin da idonsu zai fara sauka a kai.