Wasan kwaikwayo na nan-take ga matan da ba su da matsuguni

A Maradi za ka tarar da matar da saki ya fitar da ita gida, da wadda ambaliya ta cinye wa ɗaki, da ƴan gudun hijirar da suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato tun 2019. Mai kwana a zauren wasu takan saba da yin shiru, har muryarta ta ɓace mata. Wannan muryar wasan nan-take yake nema.

A wannan wasa ba a rubuta komai, ba a haddace komai, nan take ake ƙirƙirar komai. Viola Spolin, wata malamar wasan kwaikwayo, ta tsara irin waɗannan wasanni a birnin Cikago na Amurka ƙarshen shekarun 1930, Augusto Boal, mai shirya wasan kwaikwayo na Barazil, kuma ya jawo ƴan kallo cikin wasan a shekarun 1970.

Mata 8 zuwa 12 sun isa, a ɗaki mai ƙyaure, awa ɗaya da rabi, mace ce za ta jagoranta. A fara ba su fura ko kunu, don mai jin yunwa ba ta wasa. A samu mai riƙe goyo.

Minti 15 na farko, kowa ta faɗi sunanta da wani motsi, sauran su maimaita. Sai a zagaya da faifai: wannan ta mai da shi madubi, waccan sitiyarin mota. Doka ɗaya ce, abin da ƴar'uwarki ta kawo ki karɓa ki ƙara. Ta ce "Yaya, ga raƙumi a tsakar gida", ba a cewa ƙarya ne, sai "to, ɗauko igiya".

Bayan zama uku ko huɗu a shiga al'amuran yau da gobe: roƙon mai gidan haya ya ɗaga ƙafa, ko bayani gaban likita. Wata ta gwada, a tsaya, wata ta canje ta da sabuwar dabara.

Inda ake yawan kuskure shi ne a sa mace ta kwaikwayi dukan da aka yi mata ko daren da aka kore ta. Wannan fama miki ne, tana iya kasa barci, ta daina zuwa. A ƙirƙiro wata mata da wani suna daban. Wadda ta ce yau kallo za ta yi, a ƙyale ta. Ba ɗaukar hoto, don bidiyo ɗaya a WhatsApp zai kori kowa.

Kafin a tashi, kowa ta karkaɗe zanenta ta faɗi sunanta na gaskiya, a bar matar da aka kwaikwaya a ɗakin. Wasan ba ya maye gurbin muhalli ko magani, saboda haka mai jagora ta san asibiti da ofishin jin ƙai mafi kusa tun kafin zaman farko.