Tarihin umarni da gajerun maɓallai a na'urorin Cisco

Assalamu alaikum. Abin da ke gabana suwic ne na Cisco, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci a kan hanyar sadarwa ɗaya, mai kafofi 48 na sa waya, irin wanda ake jerawa a ɗakin na'urori na otal-otal ɗin Makka da Madina, mun haɗa shi da kwamfuta ta shuɗin kebul na console, muka buɗe PuTTY, manhajar da ake rubuta wa na'urar umarni ta cikinta, a gudun sadarwa na 9600. Duk wanda ya taɓa shirya intanet na otal gabanin cikowar Ramadan ya san cewa abin da ke cin lokaci shi ne maimaita rubuta umarni ɗaya sau talatin, kuma a cikin maimaicin ne hannu yake kuskure.

Na'urar tana riƙe umarnin da kuka rubuta a baya. Ku danna kibiyar sama, ko Ctrl da P, umarnin ƙarshe zai dawo. Kibiyar ƙasa, ko Ctrl da N, tana dawo da ku gaba. Idan kuna son ganin jerin gaba ɗaya, ku rubuta show history. A yawancin na'urorin, layi 10 kawai ake ajiyewa tun daga masana'anta, wanda bai isa aikin kirki ba, don haka nakan fara da terminal history size 100. Iyakar abin da take karɓa 256 ne. Wannan saitin yana ɓacewa da zarar kun fita, sai dai idan kun shiga line console 0 (saitin shiga ta kebul) ko line vty (saitin shiga daga nesa) kun rubuta history size a can, kuka kuma adana.

Yanzu ga misali. Na rubuta shutdown, umarnin da ke kashe kafa, a kan kafa ta biyar, ina so in janye shi. Kibiyar sama ta dawo da layin, Ctrl da A ya kai ni farkonsa, na ƙara no, na danna Enter. Ctrl da E yana kaiwa ƙarshen layi, Ctrl da W yana goge kalma ɗaya ta baya, Ctrl da U kuwa yana share komai daga inda kuke zuwa farkon layin. Tab yana ƙarasa kalmar da kuka fara, matuƙar babu wata da ta fara da haruffa iri ɗaya.

Akwai inda nake so ku yi hattara sosai. Tarihi yana dawo da kalmomin umarni ne kawai, ba ya tuna a kan wace kafa kuka rubuta su. Na taɓa danna kibiyar sama da Enter cikin gaggawa a wani otal da ke Aziziyya, ashe shutdown ne ya dawo alhali ina kan kafar da ke ɗauke da intanet na bene guda, kafin in ankara wayar ofishin karɓar baƙi ta fara ƙara. Tun daga ranar nake karanta sunan kafar kafin in taɓa Enter. Haka ma Ctrl da Z: yana fitar da ku daga yanayin saiti, wato inda ake sauya saitin na'urar, amma idan akwai cikakken umarni a rubuce a layin, zai aiwatar da shi kafin ya fita. Ctrl da C yana fita ba tare da aiwatarwa ba.

Idan saƙon na'ura ya faɗo a tsakiyar rubutunku, Ctrl da R zai sake nuna layin, umarnin logging synchronous kuma yana magance matsalar tun daga tushe. Idan kuma kun rubuta kalma ba daidai ba, kamar yadda yakan faru ga wanda ya saba sauya maɓallai tsakanin Larabci da Turanci, na'urar takan ɗauke ta sunan wata kwamfuta ce, ta tsaya nema. Ku danna Ctrl da Shift da 6 a tare don katse ta, sannan ku rubuta no ip domain-lookup a yanayin saiti domin kada ta sake tsayar da ku.