Riƙon Tsintuwa: laccar wani likitan dabbobi kan kwikwiyar da aka yar a bola

(Daga rikodin ɗin waya na kwafo wannan, farkon bai fito sosai ba saboda ƙarar janareto, daga inda ya fara jiyuwa na ɗauka.)

...toh kamar yadda na ce, iyayena da ƙannena, nasan wasu tun da suka ji batun kare ne suka fara gyara zama, Baba na gan ka kana murmushi, ka yi haƙuri ka ba ni minti talatin kawai.

Wata ranar Asabar da damina yaran unguwarmu su huɗu suka buga min ƙofa da kwalin taliya a hannu, wai likita ga wani abu mun tsinto a bayan bola. Na buɗe kwalin, wari ne ya fara dukana kafin ma in ga meye a ciki, kuma duk wanda ya yi aikin nan shekara biyu ya san warin nan, wani irin ƙarni ne na zawo da jini wanda in ka shaƙe shi sau ɗaya har ka mutu baza ka manta ba. 'Yar kwikwiya ce, baƙin baya, ƙafafu ruwan ƙasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, idanu sun faɗa ciki, kaska cike da kunnuwan kamar an zuba mata wake. Na ja fatar wuyanta na saki, fatar ta tsaya a tsaye bata koma ba, wato ruwan jikinta ya ƙare kenan. Na buɗe bakin na ga haƙoran nono ne duka, masu tsini kamar allura, guda 28 ne dama a bakin kwikwiyo kafin ya famfare ya fitar da 42 na manya, kuma bata fara famfara ba, na ƙiyasta sati bakwai zuwa takwas. Yaran ne suka sa mata suna Tsintuwa tun a hanya.

Irin karen nan ne da muke cewa karen 'yan sanda, wasu su ce Alseshan. Kuma ba wanda zai ce min ɓata ta yi, kwikwiyar da ake sayarwa da kuɗi masu kauri bata ɓata a cikin kwali. Wani mai kiwonsu don sayarwa ne ya ga ta kamu da ciwo, ya lissafa kuɗin magani, ya ga ba riba, ya jefar. Ban san shi ba kuma ban nema ba.

Bari in ɗan kauce kaɗan don sunan nan karen 'yan sanda yana ɓatar da mutane. Asalinsa karen makiyaya ne. A Jamus a 1899 wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ya ga wani kare a wajen baje kolin karnuka, ya saye shi, ya kafa ƙungiya a shekarar, daga wannan karen aka faro jinsin gaba ɗaya, kuma aikin da aka gina shi a kai shine zagaye garken tumaki wuni guda yana tsare su kar su faɗa gonar mutane. Sunan Alseshan kuma Turawan Ingila ne suka laƙaba masa bayan yaƙin duniya na ɗaya saboda a lokacin basa son jin komai da sunan Jamus, sai a 1977 suka mayar masa da sunansa. Ku riƙe maganar tumakin nan, zan dawo kanta.

Ciwon da ke jikinta shine fabo. Ƙwayar cuta ce da ta bayyana a duniya wajen 1978, tana cin hanjin kwikwiyo, amai, zawo da jini, kwana biyu uku ya mutu. Mu bamu da allurar da ke kashe ƙwayar a hannunmu, abin da muke yi shine mu riƙe ran dabbar da ƙarin ruwa da maganin amai da maganin da zai hana wasu cututtukan shiga jini, har jikin ya yi faɗansa da kansa. Kwana biyar na yi ina tashi ƙarfe biyun dare ina duba ledar ruwan da na rataye a ƙusa a ɗakin ajiyar kaya, uwargida tana cewa ko haihuwar Abba baka yi wannan zaryar ba (dariya). Ranar na shida da asuba na tarar ta ɗaga kai tana lasar gefen kwano.

Abinda nake so ku ɗauka anan, ƙwayar fabo tana zama a ƙasa wata da watanni, kuma maganin goge ɗaki na yau da kullum baya kashe ta, sai ruwan bilic, murfi ɗaya a murfi talatin na ruwa, a bar shi ya jiƙa wajen minti goma. Kwalin da tsummokaran kuwa ƙona su na yi.

Sannan yaran nan huɗu, kafin in taɓa kwikwiyar ma sai da na jera su na duba hannuwansu ɗaya bayan ɗaya, wa ta ciza, wa ta yaƙusa, wa ke da ciwo ta lasa. Don kwikwiyo ma yana ɗaukar ciwon haukan kare, ƙanƙantarsa bata hana. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwon duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma in alamun suka bayyana shikenan sai dai addu'a. Don Allah in kare ya ciji yaro a bar maganar gashin karen da ake tsigowa a ƙona a shafa. A kai shi bakin famfo a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, ana duba agogo, daga nan sai asibiti a ranar. Allurar karnuka kuwa a ƙasar nan ake yinta, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos wadda take nan tun 1924, saboda haka ba wani uzuri. Allah ya taimaka ba wanda ta taɓa a cikinsu, amma duk da haka sati biyu ba yaron da na bari ya matso ta.

Toh ta warke. Anan ainihin maganar tawa take.

Mu Hausawa ba sai an koya mana riƙo ba. Kowa anan ko an riƙe shi, ko an riƙe wani a gidansu, 'yar ƙanwa, ɗan wa, jika. Kuma kowa ya san mai riƙon kirki tun ranar da aka kawo masa yarinya ya san ranar rabuwa na zuwa, duk tarbiyyar da yake mata ta gidan da za ta je ce. Ni na san bazan ajiye Tsintuwa ba, gidan haya nake, tsakar gidan bai kai wannan dandamalin ba, kuma karyar nan in ta girma za ta kai kilo 25 zuwa 30. Saboda haka daga ranar da ta miƙe na fara shirya ta don gidan wani.

Abinci kaɗan kaɗan sau huɗu a rana, don cikin da ya sha yunwa in ka cika shi lokaci guda sai ka kashe mai shi. Shinkafa da dafaffen ƙwai da ɗan kifi ko kaza ba ƙashi. Madarar shanu a'a, zawo take sa su. Ragowar miyar gida ma a'a saboda albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, kuma Baba goron nan da ke aljihunka guba ne gare ta, shi da cakulan abu ɗaya ne a cikinsu. Maganin tsutsa duk sati biyu har ta kai wata uku, allurar rigakafi a jere har sati 16, ta haukan kare a wata uku, komai na rubuta a kati da kwanan wata. Kaska kuwa kullum da yamma ina zaune ina cire ta, don jinsin nan ciwon kaska yana kama su da tsanani fiye da karnukanmu na gida, sai ka ga kare yana haɓo yana ramewa.

Amma abinda mutane suka fi sakaci da shi baya cikin kati. Daga sati uku zuwa wajen sati 14 na rayuwar kwikwiyo, abinda ya gani ya saba da shi a wannan tsakanin shine zai ɗauka a matsayin duniya, wanda bai gani ba kuma ya zama abin tsoro, kuma karen da ke tsoro shine ke cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ita kuma ciwo ya riga ya cinye mata sati biyu a ciki, sai na shiga gaggawa. Na sa ta ga mace da hijabi, ta ga tsoho da sanda da rawani, ta ji babur, ta ji injin markaɗe, ta ga akuya da kaji, yara su zo su zauna a tabarma su miƙa mata abinci a tafin hannu ba gudu ba ihu. Da farko in ta ga mai babbar riga sai ta shige ƙarƙashin benci tana fitsari, ko wani mai babbar riga ne ya taɓa shurinta oho, sai da na yi kwana goma ina sa babbar rigar sallata ina bata abinci.

Da ta kai wata huɗu na sa hotonta a WhatsApp, kafin magariba mutum sun fi goma. Ana cewa tsintacciyar mage bata mage, toh tsintacciyar Alseshan kam kowa na so tunda kyauta ce.

Na farko wani Alhaji ne, gida kamar fada, ya ce likita so nake ta yi zafi, ya nuna min kejin ƙarfe a bakin get, rana na dukansa tun safe, kwano a sama. Maigadinsa ma har ya fara bani shawarar wai in ana zuba musu barkono a abinci ana kulle su a duhu sun fi faɗa. Na ce Alhaji Allah ya ƙara arziki, wannan gashin jikinta rufi biyu ne, zafin watan Afrilu a kejin nan kafin la'asar ta mutu, in kuma ta rayu toh wanda za ta fara ciza jikanka ne ba ɓarawo ba. Bai ji daɗi ba. Na biyu tambayarsa ɗaya, yaushe za ta fara haihuwa, na gane inda ya dosa, irin wanda ya jefar da ita ne. Tun daga nan na yanke sai an cire mata mahaifa in ta isa, kuma na sa shi cikin sharaɗi.

Tambayoyina basu da yawa. Ina za ta kwana, akwai inuwa, waye zai riƙa bata abinci da sunansa, matar gidan ta yarda ko maigida ne kawai ke ɗoki, in ka yi tafiya wa zai kula. Kuma bana yarda da amsar waya, sai na je na gani. Sharaɗi na ƙarshe, in ta gagare ka kar ka sayar kar ka bayar, ka dawo min da ita ko bayan shekara ne.

Wanda ya samu wani malamin makaranta ne mai ritaya, yana da gona a bayan gari da tumaki wajen talatin, an taɓa yi masa satar raguna biyu gab da layya. Bai ma nemi ta ba, ni na neme shi. Na kai ta da katinta da kwanonta da tsohon buhun da take kwana a kai saboda ƙanshin da ta sani, muka yi sai na dawo bayan sati biyu. Kwana ukun farko ya ce min ko abinci bata ci sosai, tana kwance bakin ƙofa, na ce Malam ƙyale ta haka suke yi. Ƙaramar 'yata kuwa kwana biyu bata min magana ba.

Na'am Malam, tambaya? ... Eh, batun najasa da hukuncin ajiye kare. Ni ba malami bane, ga malamai nan a gaba su gyara min. Abinda na karanta dai, hadisi ya yi togiya ga karen kiwo da na gona da na farauta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa bane, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai bin umarni ne. Malaman mazhaba suna kawo labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risalar da muka karanta a zaure, cewa katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Ga kuma hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa. Ita Tsintuwa ɗakinta daban, kwanonta daban, bata taɓa hawa inda muke sallah ba.

Hajiya kina tambaya ko ta gane ni da na koma? Ta gane ni. Ta taho a guje ta daka min tsalle har ta ɓata min riga, sai wata tunkiya ta ɓalle ta nufi gonar waken maƙwabci, wallahi ba wanda ya ce mata komai, ba wanda ya taɓa koya mata, ta bar ni a tsaye ta yi kwana ta gaban tunkiyar ta maido ta cikin garke, ta kwanta a bakin kunya tana haki tana kallonsu. Da zan tafi ta rako ni har bakin shinge ta tsaya, bata wuce ba.

An kira la'asar ko? Toh masu karnukan da basu da kati su same ni a bayan zauren nan bayan sallah, na zo da allura guda ashirin a kula.